Hatimin Anti Adila

Duk wanda ya karanci aikin gona a jami'a, aka kuma turo shi Haɗejiya koyon aiki a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai san Anti Adila ba. Wasu da an ambaci sunanta sai su hau sa mata albarka. Wasu kuwa sai su dafe kai suna dariya, su ce matar nan ta gasa mana aya a hannu. Ita dai ba shugabar ofis ba ce, ba kuma malamar gona ba. Mai buga takardu ce a wani ɗan ofishin aikin gona da ke bayan tashar mota, teburinta na nan da ka shiga ta hannun dama, jikin taga.

A Kaugama aka haife ta. Mahaifinta Bafulatani ne da ya gaji da bin shanu daga wannan mashekari zuwa wancan, ya rage garken, ya zauna wuri ɗaya yana noman gero da riɗi. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'yansa bakwai, kuma ita kaɗai ta gama sakandare, don hedimastan firamarensu ya yi ta sintiri ƙofar gidansu har tsohon ya gaji ya ce a tafi da ita. Da ta gama sai ta dawo Haɗejiya wurin goggonta, ta shiga wani shago ta koyi buga tafireta. Allah Ya ba ta saurin hannu. Mai shagon kan tsaya a kanta da baƙi yana nuna musu yadda take bugu ba ta ko kallon yatsunta. Ta haka labarinta ya kai ofishin nan, aka ɗauke ta. A nan ta auri Ya'u tela, ta haifi 'ya'ya huɗu, Radiyya ce babba. A nan kuma tafireta ta tafi kwamfuta ta zo, ta koye ta da girmanta, tana yi tana tsaki.

Shugaban ofishin, Malam Abdulganiyyu, mutum ne mai yawan tafiye-tafiye. Yau taro a Dutse, gobe bita a Kano. Da ya ga takardu na taruwa suna jiransa, sai wata rana ya ajiye mata hatimin ofis a kan tebur tare da makullin durowa.

"Malama Adila, riƙe wannan. Abin da kika ga ba shi da matsala, buga. Ni in na dawo na sa hannu."

Cikin abubuwan da ba su da matsala har da littattafan ɗalibai. Kowace shekara jami'o'i kan turo yara su yi wata shida a wurin aiki, abin da su ɗaliban ke kira ai-ti. Kowa kan zo da wani littafi mai kaurin bango, inda zai riƙa rubuta abin da ya koya kullum, a ƙarshen kowane mako kuma a buga masa hatimin wurin da yake, shaidar cewa ya yi. To ofishin ɗaki biyu ne da baranda. Motar aikinsu ɗaya ce, ita ma ta fi daɗewa wurin makaniki a kan bakin aiki. Yara su zo da sababbin kaya ranar farko, a nuna musu benci a gindin darbejiya, su zauna suna danna waya har azahar. Mako na biyu rabinsu sun ɓace. Mako na huɗu babu kowa. Sai wata na shida ya kusa ƙarewa ka gan su sun dawo, littafi cike taf da labarai: Litinin mun ziyarci gonar shinkafa, Talata mun koyi haɗa taki, Laraba mun duba cutar tumatir.

Adila takan karanta ta yi murmushi, ta hura wa hatimi iska, ta buga. 'Ya'yan mutane ne, in ji ta, kuma ba laifinsu ba ne da babu abin yi. Har ma ta ajiye kwafin littafin wani yaro mai kyan rubutu a durowa, wanda ya rasa abin rubutawa sai ta ara masa ya kwafa. Shekara goma sha biyar ta yi a haka, ba ta taɓa jin ta yi wani abu da ba daidai ba. Gani take taimako take yi.

Cikin waɗanda ta taimaka haka akwai Ja'afar, wani yaro ɗan Birniwa mai ladabi, wanda ba ya gaishe ta sai ya durƙusa. A wata shidansa sau uku ya leƙo ofis. Sauran lokacin yana shagon yayansa yana sayar da kayan waya. Ta buga masa makonni ashirin da huɗu a zama ɗaya. Bayan shekara huɗu sai ga shi ya dawo da takardar kama aiki, an ɗauke shi malamin gona, an kuma turo shi ofishinsu. Ranar Adila har guɗa ta so yi. Ta zagaya da shi tana cewa kowa, "Ɗana ne wannan, a hannuna ya yi ai-ti."

Bai cika wata biyu da kama aiki ba aka kawo injinan ban-ruwa da za a raba wa manoman rani a wani ƙauye da ke gaɓar kogi. Aka tafi da Adila saboda ita ce da takardar sunaye, ita za ta riƙa kira. Manoma sun fi ɗari a bakin ruwa, ga mai unguwa a kan kujera, ga mata daga nesa sun tsaya da ƙorai a ka. Kafin a fara rabo Malam Abdulganiyyu ya ce sabon malamin gona ya fito ya nuna wa jama'a yadda ake aiki da injin.

Ja'afar ya fito cikin farar shadda. Ya yi bayani mai daɗi a kan ƙarfin injin da yawan ruwan da yake ja a awa guda. Ya jefa tiyo ɗaya cikin kogi, ya miƙar da ɗayan zuwa gona, ya kama igiya ya ja. Inji ya tashi da ƙara. Kowa ya zuba wa bakin tiyo ido. Shiru, ko ɗigo. Ya kashe ya sake tayarwa. Shiru. Ya duba mai, ya girgiza tiyo, ya leƙa ƙarƙashin injin. Gumi ya fara keto masa duk da sanyin safiya. Can baya wani ya yi tari irin na danne dariya, na kusa da shi ya kasa dannewa.

Sai wani dattijo siriri ya taso daga cikin manoma, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Ya kashe injin, ya kwance wani ɗan murfi a samansa, ya ɗebo ruwa a bokiti ya ɗura har ya cika, ya mayar da murfin ya ɗaure.

"Ja yanzu, malam," in ji shi.

Ja'afar ya ja. Tiyo ya kumbura, ruwa ya yi tsalle ya faɗa gona.

"Shi wannan sai ka ba shi ruwa tukuna yake ba ka," dattijon ya faɗa a hankali, yadda Ja'afar kaɗai da na kusa za su ji. Ya koma ya zauna. Wannan shi ne Baba Baƙo, Bamange ne, dangin Barebari, da ya shekara talatin yana noman rani a wannan fadama, kuma duk injin da ya ƙi tashi a yankin wurinsa ake kai shi.

Aka yi rabo aka watse. Sai da suka dawo ofis, kowa ya fita salla, Ja'afar ya zo ya tsaya gaban teburin Adila kansa a ƙasa.

"Anti, wallahi ban taɓa sa hannu a injin nan ba sai yau. A takarda na san shi ciki da waje, har zana shi na yi a jarrabawa."

Ta ba shi haƙuri, ta ce kowa da ranar farkonsa. Amma da ya fita sai ta jawo durowa ta ɗauko kwafin nan da take ara wa yara, wanda shi ma Ja'afar daga ciki ya kwafa. Ta buɗe mako na tara. Ga shi a rubuce da kyakkyawan hannu: mun koyi tayar da injin ban-ruwa da gyara shi. Ta san a littafin Ja'afar, ƙarƙashin wannan layi, hatiminta ne zaune.

Da ta koma gida a ranar, ta tarar da mijinta a zaure yana kan keken ɗinki. Ta zauna a kan tabarma ta ba shi labarin duka. Ya'u bai ɗaga ƙafa daga keken ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin, ya ciji zare.

"Ni dai, Maman Radiyya, wanda bai iya sa aljihu ba ba na ce wa mutane tela ne. Don ranar da ya ɓata wa wani shadda, sunana za a kira."

"To ya zan yi, Malam? In hana su, su faɗi jarrabawa?"

"Ban ce ki hana su ba. Ki nema musu abin da za su rubuta."

Da safe ta shiga wurin Malam Abdulganiyyu ta ce daga bana ba za ta ƙara buga wa kowa hatimi a kan aikin da bai yi ba. Ya cire tabarau ya dube ta.

"Malama Adila, wane aikin za su yi? Kina ganin mota ba ta tashi. Da me za mu kai su gona?"

"Yallaɓai, fadamar nan a keke-napep ko rabin awa ba a yi. Manoman da muke raba wa kaya ai sun fi mu sanin aikin. A ba ni izini in roƙe su su riƙe mana yaran."

Ya yi dariya ya mayar da tabarau. "Hatimi dai a hannunki yake. Amma in iyayen yara suka zo faɗa, teburinki zan nuna musu."

Ranar Asabar ta ɗaure goro a leda ta nufi gonar Baba Baƙo. Ta same shi tsugune yana wanke kafiretar inji a cikin gwangwani. Da ta faɗi daga inda ta fito da kuma garinsu, sai ya ɗago yana murmushi, don tsakanin Fulani da su Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni.

"Af, ashe baiwata ce ta zo gaishe da ubangidanta. 'Yar Fulani, me ya fito da ke daga inuwa? Nono kika kawo?"

"Baba, ai ku bayinmu ba a ba ku nono, sai tsari, ruwan da ke samansa. Aiki na kawo maka."

Ta yi masa bayani. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"'Yan jami'a? Ni ko aji ɗaya ban yi ba. Me zan koya musu?"

"Abin da ka koya wa ɗana ran nan a bakin kogi."

Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Su zo kafin rana ta ɗaga, kuma duk wanda ya shigo gonarsa ya cire takalmi, don shi bai san yadda ake sanin ƙasa ta sha ruwa da takalmi a ƙafa ba. Daga nan Adila ta wuce wurin Haladu, wani masunci da ke bandar kifi a bakin gada, ta kuma biya gidan Iya, wata dattijuwa da ta yi suna wajen turara shinkafa. Kowannensu sai da ya fara cewa shi bai yi boko ba, kowannensu kuma ya ƙare da cewa a turo su.

Ɗalibai goma sha ɗaya aka turo a wannan shekara. Adila ta tara su ta faɗa musu sabon tsari: kwana huɗu a fadama, kuma ba hatimi sai da shaidar wanda ya koya maka. Suka dubi juna. Kafin mako ya zagayo huɗu sun karɓi takardunsu sun koma wasu ofisoshin da hatimi ba ya wahala. Ɗaya har mahaifinsa ya bugo waya yana cewa shi bai tura ɗansa jami'a don ya zama ɗan ƙodago ba. Adila ta ba shi haƙuri, ta ce Allah Ya ba yaro sa'a a inda ya koma. Bakwai suka rage.

Na takwas ɗinsu shi ne Ja'afar. Shi da kansa ya zo ya ce, "Anti, ki sa ni a layi. Nawa ai-tin ban yi shi ba." Ya riƙa zuwa gonar Baba Baƙo da sassafe kafin ya wuce ofis, yana kwance inji tare da yaran da ya girma da shekara biyar. Manoman da suka yi masa dariya suka dawo suna tsayawa su yi masa sannu da aiki.

Sai kuma maganar shaida ta zo da nata abin dariyar. Baba Baƙo ba ya rubutun boko, ajami yake yi. Duk ranar Alhamis yara kan kawo wa Adila 'yar takarda da ya yago daga buhun siminti ko kwalin magani, ya rubuta wa kowa abin da ya yi. Rabon Adila da ajami tun tana makarantar allo. Dole ta riƙa kai wa mijinta yana taya ta haɗa baƙi, har ta dawo tana karantawa da kanta. Tsohon kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Wani ya rubuta masa: ya iya canza fulogi, amma yana da son inuwa. Wani kuma: wannan kwana biyu ya zo, na ukun wayarsa ce ta yi aikin. Adila takan karanta a gaban mai ita, a yi ta dariya, sannan ta buga hatimi a kan kwanakin da aka yi kawai.

Cikin bakwai ɗin nan akwai Zaituna, 'yar cikin gari, wadda ta je gona ranar farko da farin takalmin kambas da turare. A makon farko ta zo ta zauna gaban Adila tana kuka, tana nuna mata tafin hannunta da ya yi kanta, ga ƙafa duk kaushi.

"Anti, ni fa ilimin ƙasa nake karanta. A ɗakin gwaji aikina yake, ba a taɓo ba."

"To 'yata, ita ƙasar da za ki gwada, daga ina ake ɗebo ta?"

Ta ba ta man kaɗanya a ɗan kwalba, ta ce ta ƙara mako ɗaya, in ba ta iya ba ita da kanta za ta rubuta mata takardar canjin wuri. Zaituna ba ta dawo neman takardar ba. A wata na biyu ita ke tayar wa Iya wutar tukunya, ta iya gane shinkafa ta turaru daga yadda ɓawonta ya tsage. A wata na uku ta lura da wani gefe na gonar Baba Baƙo inda ƙasa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, albasar wurin duk ta tsumbure. Ta tambaye shi.

"Kanwa ce ta taso," in ji shi. "Shekara biyar ke nan. Wurin ya mutu, 'yata, bar shi."

Zaituna ta ɗebi ƙasar a leda uku, daga sama da tsakiya da ƙasa, ta kai makarantarsu ta auna. Ta dawo ta ce masa wurin bai mutu ba. Ruwa ne ke kwanciya a nan ba shi da mafita, rana ta shanye shi ta bar gishirin a sama. In aka haƙa magudana ta gefen gangare, aka cika wurin da ruwa sau da yawa ya wanke ya fice, aka kuma zuba takin shanu, zai farfaɗo. Tsohon ya dube ta, ya dubi wurin. Bai gaskata ba sosai, amma ya ce tunda ga majiya ƙarfi har bakwai a banza, a haƙa. Kwana uku suna haƙa.

Ba a ga amfanin abin a wannan rani ba, har ɗaliban suka gama suka tafi. Sai da shekara ta zagayo wata safiya aka ga Baba Baƙo a ƙofar ofis, karo na farko a rayuwarsa, ɗauke da kwandon albasa manya-manya. Ya dire a gaban teburin Adila.

"'Yar Fulani, daga mataccen wurin nan ne. Ki nemo mini yarinyar nan a waya. Ashe bokon naku ma akwai abin ɗauka a ciki."

Adila ta kira Zaituna ta miƙa masa wayar. Ya riƙe ta nesa da kunne yana ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken kogi, yana ta sa mata albarka, ita kuma a can sai ihun murna take.

Ba komai ne ya tafi daidai ba, kuma Adila ba ta ɓoye wannan. Akwai shekarar da wani ɗalibi ya tsare ta ya ce shi tattalin arzikin noma yake karanta, ya koyi banda da ban-ruwa, amma inda zai nemi aiki rahoto za a ce ya rubuta, ba kifi za a ba shi ya ƙyafe ba. Ta ga gaskiyarsa. Sai ta mayar da ranar Juma'a ta zaman ofis, kowa ya zauna gaban kwamfutarta ya rubuta rahoton makonsa da wasiƙar neman aiki. A nan ta gano da yawansu, duk da shekara huɗu a jami'a, ba su san inda ake sa adireshi a wasiƙa ba. Ta koya musu abin da ta shekara tana bugawa, su kuma suka nuna mata dabarun kwamfuta da ba ta taɓa sanin akwai su ba. Akwai kuma shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya shafe gonakin, aka yi wata biyu ba a shiga fadama ba, sai wurin Iya da Haladu kawai aka lallaɓa.

A shekara ta huɗu da fara wannan tsari ne wani malamin jami'a, Dakta Shu'ibu, ya zo duba ɗalibansa. Ya iso da hantsi cikin mota mai sanyi, ya tarar da gindin darbejiya wayam. Ransa ya ɓaci.

"Hajiya, ina yaran da muka turo? Haka kuke yi, ku bar su su gudu sannan ku buga musu hatimi?"

"Yallaɓai, suna wurin aiki. In ba za ka damu ba, mu je ka gan su. Sai dai motarka ba za ta shiga ba."

Suka hau keke-napep, suka ƙarasa da ƙafa ta kan kunya. Daga nesa Dakta ya hango ɗalibansa. Biyu sun baje inji a kan buhu suna gardama a kan wane ƙarfe ne ya ci. Wata tana tsaye cikin fangalin shinkafa ruwa har ƙauri, tana ƙirga tsiro tana faɗa wa wata tana rubutawa. Ya tsaya ya kira ɗaya daga cikinsu, wanda ya sani a aji ba ya ko ɗaga hannu, ya jefa masa tambaya a kan tazarar shuka. Yaro ya amsa, ya ƙara da cewa amma a wannan ƙasar ba a bin abin da ke littafi daidai, ga dalili. Dakta ya juyo ya dubi Adila. Zai taka cikin gonar ke nan Baba Baƙo ya ɗaga masa hannu daga inda yake.

"Malam, takalmi."

Ɗalibai suka ƙame, suna jiran su ga abin da zai faru. Dakta ya fashe da dariya, ya sunkuya ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando. Sai la'asar ya bar fadamar, da ƙullin bandar kifi da Haladu ya cusa masa.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo ofis daga jami'ar da sunan Adila. Ana gayyatarta ta yi wa ɗaliban da za su fita koyon aiki jawabi. Ta karanta sau uku, ta ce ita ba za ta ba, me mai sakandare za ta faɗa a gaban masu digiri? Ja'afar ne ya hana ta zillewa. A lokacin ya zama wanda manoman yankin ke kira tun kafin su kira ofis, shi ke kuma raka sababbin ɗalibai gona ranar farko. Ya ce shi zai tuƙa ta. Zaituna ma, wadda ta samu aiki a gonar wani kamfanin shinkafa, ta ce za ta same su a can. Ya'u ya ɗinka mata sabuwar atamfa.

Ɗakin taron ya fi duk inda ta taɓa tsayawa girma, ɗalibai sun kai ɗari uku. Da aka miƙa mata abin magana, takardar da ta buga a gida ta ƙi karantuwa. Sai ta ninke ta ta sa a jaka.

"Ni mai buga takardu ce," ta ce. "Shekara goma sha biyar ina buga wa 'yan'uwanku hatimi a kan ƙarya, ina ganin taimakonsu nake. Ga ɗaya nan zaune, ya ba ni izini in faɗa."

Ja'afar ya miƙe ya ɗaga hannu yana dariya, ya karɓi abin maganar ya ba da labarin injin da kansa, har da yadda ya leƙa ƙarƙashinsa. Ɗaki ya kece da dariya. Daga nan bakin Adila ya buɗe. Ta ce musu wata shidan nan ba ya koya wa kowa komai don kansa. Wanda ya zauna a benci zai tashi da sanin benci. In suka je wuri aka ce babu aiki, su tambaya wa ke yin aikin a garin, su bi shi, ko da bai iya rubuta sunansa ba. Su kuma kada su raina abin da suka karanta, don akwai ranar da shi ma zai buƙace shi. Ko minti goma sha biyar ba ta yi ba ta zauna. Aka daɗe ana tafi.

A waje ɗalibai suka yanyame ta, kowa na son lambar wayarta. Wata siririyar yarinya mai suna Ummussalma ta kutsa har gabanta, ta ce ita kiwon kifi take karanta, kuma ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, ko za a karɓe ta wurin masuncin nan?

"Bari mu ji daga bakinsa," in ji Adila. Ta kira Haladu nan take, ta sa wayar a fili. Ana jin ƙarar ruwa da muryoyin masunta a bayansa.

"Malam Haladu, ga wata 'yata tana son zuwa wurinka wata shida."

"Ta zo mana! Ta iya iyo?"

Adila ta dubi yarinyar. Ummussalma ta girgiza kai, ta rufe fuska da mayafi don kunya.

"Ba ta iya ba."

"To ba komai. Uwargidana ta fi ni iyo, ita za ta fara koya mata a inda ruwa bai kai ƙugu ba. Ki ce ta taho da tsofaffin kaya, kada ta zo mini da na salla."

Yarinyar ta yi tsalle ta rungume Adila. Nan da nan wasu uku suka ce su ma can suke so, Adila ta ce su yi layi, ta laluba jaka ta ciro biro, ta juya bayan takardar jawabinta ta fara rubuta sunaye.